Baffa na Uku, Mai Riƙe Kwalba

A ƙauyenmu ba a ɗauko ma'aikaci ya zuba wa baƙi giya ranar biki. Mai dafa abinci ana ɗaukowa, ya zo da tukwanensa da murhunsa a bayan mota, amma kwalba sai ɗan gida. Wanda aka fi miƙa wa ita kuwa, tun ina yarinya har na yi aure, shi ne ƙanin mahaifina, Sui Baolin, wanda muke kira Baffa na Uku don shi ne na uku a ɗakinsu.

Sana'arsa gyaran injin ban-ruwa. Gajere ne mai faɗin kafaɗa, yatsunsa ba sa rabuwa da baƙin mai komai yawan sabulu. Ba ya iya zama wuri ɗaya. Ko abinci yake ci sai ya miƙe ya leƙa ƙofa, ya dawo, ya gyara zaman kujerar da ba ta yi masa komai ba. Matarsa, Goggo Shulan, takan ce ita guguwa aka aura mata, har yau ba ta ga fuskar mijinta da kyau ba.

Yana saurayi aka fara ba shi kwalba, a bikin wani maƙwabci, ranar da dattijon da aka saba kira ya faɗo daga kan rufin ɗaki. Aka duba aka rasa wanda zai zauna da baƙi, kakanmu ya ingiza shi. Daga ranar bai sake zuwa biki a matsayin ɗan cin abinci ba.

Aikin ya wuce zuba giya. Ranar biki dangin amarya su ne manyan baƙi, a cikinsu kuma babu kamar kawunta. Shi ake zaunarwa a hannun daman mai kwalba, a teburin da ke fuskantar ƙofa. Duk kofin da aka cika masa, mai kwalba sai ya cika nasa daidai da shi, su ɗaga tare, su shanye tare, kowa ya kife kofinsa a ga babu ɗigo. Haka za a yi ta yi har a kawo kifi, abinci na ƙarshe, a juya kansa ya kalli kawu. Idan kawu ya taɓa kifin nan, to ya yarda da gidan da aka kawo 'yarsa. Idan ya miƙe ya fita kafin kifi, duk danginsa za su bi shi, amarya ta wayi gari ba ta da gidan komawa, kuma za a daɗe ana zancen a bakin rijiya.

Baffa ya san yadda ake jan mutum. Mai son yabo ya yabe shi, mai son gardama ya bar shi ya ci gardama, mai saurin buguwa ya tura masa gyaɗa da nama ya ja shi da labari har kansa ya dawo. Yakan ce kawun amarya ɗumama shi ake yi, ba kayar da shi ba, a bar shi ya koma mota da ƙafarsa. Abu ɗaya ya tsana a sana'ar. Giyarmu ta dawa ce, fara tas kamar ruwan rijiya, shi ya sa wasu masu wayo kan cika kwalba da ruwa su riƙa zuba wa kansu, baƙo yana shan wuta su suna shan sanyi. Baffa ya ce mai yin haka ɓarawo ne ko da bai ɗauki tsinke ba. Ya taɓa barin wani biki ana tsakiyar ci saboda ya kama ango yana yi.

Da kakar bara waccan, ana girbin masara, ya yi aman jini a bakin gona. Aka kai shi asibitin gunduma, aka yanke masa wani sashe na ciki. Likita ya faɗa masa a gaban Goggo cewa ko kofi ɗaya na iya buɗe abin da aka ɗinke. Tun daga nan duk yamma sai ta sunsuni bakinsa kafin ta ba shi abinci. Ya daina sha, mutane suka daina aiko masa. Rashin zaman nasa ya ƙaru. Idan ana biki sai ka gan shi yana kai da kawo a bakin hanya da sifana a hannu, wai injin wani zai duba.

Ana cikin haka ƙanina Jinbo ya kawo maganar aure. A Qingdao yake aikin kai saƙonni a babur, can ya haɗu da Yanmei, mai aiki a kamfanin gyaran kifi. Mahaifinta ya rasu tun tana ƙarama, kawunta Chi Guangfu ne ya riƙe su ita da uwarta. Tsohon direban babbar mota ne, ƙato, mai murya kamar ana buga ganga. Shi ya so a yi bikin a otal a cikin gari, da mai gabatarwa da 'yan mata masu zuba giya cikin riguna iri ɗaya. Yaran suka ce hutunsu kaɗan ne, tebur uku a gidanmu ya ishe su. Kawu Chi ya aiko a gaya wa Inna, mahaifiyarmu, cewa zai zo, ko don ya ga biki ne ko zaman makoki.

Mu ma babanmu ya rasu. Inna ta zauna ta laluba mazan gidanmu kaf. Ɗaya yana in'ina, ɗaya kofi biyu ke sa shi kuka, sauran yara ne, kuma zaunar da yaro kusa da kawun amarya zagi ne. Ta ɗauki ƙwai a kwando ta tafi gidan Baffa, na raka ta.

Goggo ba ta bari ta gama magana ba. Ta ce a mayar da ƙwan, mijinta ba zai mutu don wani direba ya ji daɗi ba. Baffa yana ta zagaya tsakar gida yana cewa ai shi zai san yadda zai yi, zai riƙa kurɓa kaɗan-kaɗan. Ta ce ya taɓa ganin kawun da ya yarda da kurɓa? Inna ta fara share hawaye. Muka tashi ba a yanke komai ba.

Da yamma Goggo ta kira ni ni kaɗai. Na tarar da kwalbar tangaran a gabanta, irin wadda ba a ganin cikinta, da butar dafaffen ruwa a gefe. Baffa yana tsaye ya juya mana baya.

"Ko wannan, ko ka wuni a kulle a ɗaki ranar," in ji ta. "Zaɓi, Tsoho."

"Ni kike so in zama ɓarawo da furfurata?"

"Gara ɓarawo mai numfashi."

Ya fita, muka ji shi yana buga ƙarafa a rumfar aikinsa. Can ya dawo ya ce a shafa ɗan giya a wuyan kwalbar saboda wari, kuma a ɗaura mata jan zare yadda zai gane ta da yatsa ba sai ya duba ba. Mu ukun kaɗai muka sani. Ba a gaya wa Inna ba, don ita duk abin da ke cikinta a fuskarta yake.

Ranar biki, kafin tsakar rana motocin dangin amarya suka iso. Kawu Chi ya sauko ya tsaya a ƙofa, ya kalli teburan biyu na tsakar gida, ya kalli rumfar mai dafa abinci da kajin da aka kulle a lungu. Baffa ya tare shi da hannu biyu ya ja shi zuwa babban ɗaki, inda aka ajiye tebur na manya. Ni ce mai kai musu abinci, don haka kusan komai a idona aka yi.

"Suruki, an ce kai ne wanda ba a tashi a teburinsa," in ji Kawu Chi yana cire rigar sama.

"Ni kuma an ce mini kai randa ce marar gindi. Na ce a kawo ta in gani."

Aka yi dariya, ban da shi. Kwalaben biyu suna ƙasa, kusa da ƙafar kujerar Baffa. Sai ya ɗauko ta gaskiya ya zagaya tebur ya cika wa kowa har baki, ya ajiye ta ƙasa kamar zai gyara zama, ya jefa wata magana da za ta ɗauke idon mutane, hannunsa ya dawo da mai jan zare ya cika nasa. Ko ni da na sani, da ƙyar nake ganin musayar. Abin da ya fi ba ni tausayi shi ne bayan ya shanye. Sai ya yamutsa fuska, ya ja iska ta haƙori, ya yi maza ya kai hannu kan gyaɗa, kamar yadda yake yi a da. Amma ya wuce gona da iri, kuma kunnuwansa sun yi ja, ba na giya ba.

Duk da haka aikin yana tafiya. Baffa ya gano mutumin mai son a tambaye shi hanya ne, ya yi ta tambayarsa hanyoyin arewa, inda ƙanƙara ke rufe titi. Kawu Chi ya ɓalle maɓallin wuya, ya fara zana taswira da tsinken cin abinci a cikin miyar da ta zube. Da na shigo da naman kaza har ya tambaye ni ko ni ce yayar ango, ya ce na fi shi kama da mutane. Na koma rumfa na gaya wa Goggo an kusa. Tana murza fulawa ba ta ɗago ba, ta ce in gaya mata haka bayan kifi.

Sai injin hura wutar mai dafa abinci ya tsaya. Kifin yana cikin kasko, wuta ta kwanta, mai ya daina ƙara. Mai dafa abinci ya buga injin, ya zage shi, ya ɗaga murya yana tambaya ko akwai mai gyara a gidan nan. Mai kwalba ba ya barin teburinsa, Baffa da kansa ya koya wa mutane haka. Amma ya ji ƙarar injin ta mutu tun daga ɗaki, na ga ƙafarsa tana rawa a ƙarƙashin tebur. Ya daure, ya sake daurewa, ya miƙe ya ce wa Kawu Chi ya yi masa afuwa, kifinsa ne zai je ya ceto.

A wannan tsakanin ne Inna ta shiga ɗakin da ƙarin turararren burodi. Tun asuba take yawo da ƙunshin jan zare a aljihu, don a wurinmu duk abin da zai taɓa amarya ko baƙinta ranar aure sai an ɗaura masa ja. Ta ɗaura wa buta, ta ɗaura wa hannun ƙofa, har itacen tsakar gida da bokitin wanke hannu. Ta hango kwalabe biyu a ƙasa, ɗaya da zare ɗaya babu, ta ji tsoron kada baƙi su ce an yi sakaci. Ta durƙusa ta ɗaura wa ɗayar, ta jera su tsaf gefe da gefe, ta fita tana jin daɗi.

Baffa ya tayar da injin, ya dawo yana goge hannu a wando. Na biyo shi da farantin ganye. Kawu Chi ya ce an bar shi da yara suna kallonsa kamar saniyar sayarwa, don haka yanzu kofi ɗaya tsakanin su biyu kawai, kowa ya janye.

Baffa ya miƙa hannu ƙasa bai duba ba. Yatsansa ya taɓa zare, ya tsallake ta ya ɗauko ta kusa da ita. Sai da ta hau sama, ido duka a kanta, ya ga ita ma da jan zare a wuya. Na ga ya ɗan tsaya. Sunsuna kwalba a gaban baƙo ba abin yi ba ne, mayar da ita kuma sai an tambayi dalili. Ya cika wa Kawu Chi. Ya musanya, ya cika nasa. Yana ɗaga kofin zuwa hanci ya sani, amma kafin ya buɗe baki mutumin ya riga ya juye nasa a maƙogwaro.

Kawu Chi ya riƙe abin a baki, ya haɗiye. Ya ajiye kofin a tsaye, bai kife shi ba.

"Ruwan ƙauyenku ba laifi," ya ce a hankali. "Namu ya fi shi gishiri."

Kowa ya ajiye tsinkensa. Baffa ya ce kuskure ne, ba don shi aka tanadi ruwan ba.

"To don wa?"

"Don ni."

"Tun yaushe?"

"Tun kofin farko."

"Wato tun ɗazu ni kaɗai nake sha, kana yamutsa mini fuska kamar biri, kuna kallona." Ya juya wajen mutanensa. "Kun ga gidan da yarinyar nan ta zaɓa."

Ya miƙe ya ɗauki rigarsa. Mazan da suka zo da shi suka fara ture kujeru. Maganar ta riga ta fita tsakar gida, na ga uwar amarya ta tashi daga teburin mata tana neman jakarta. Yanmei ta zo bakin ƙofa cikin jar rigarta, Jinbo a bayanta. Ta ce, "Kawu." Na ruga rumfa, mai dafa abinci ya ce kifin da saura, na ce ya zuba haka nan. Ya ce sunansa zai ɓaci. Na bar shi yana juyawa na dawo.

Na tarar Baffa ya jera kofi uku a gabansa. A teburinmu wanda ya yi laifi shi ke yanke wa kansa hukunci, kuma uku ne. Ya kai bakin kwalbar giyar har hancin Kawu Chi don ya tabbatar, sannan ya cika su har suna zuba. Bai ce komai game da cikinsa ba. Ya ɗauki na farko da hannu biyu ya shanye, ya kife. Wannan karon bai yamutsa fuska ba. Ya dafa tebur, gumi ya feso masa a goshi.

Mace ba ta zuwa wannan tebur sai dai ta ajiye kwano ta juya. Goggo ta shigo da zanen girki a ƙugu, hannunta fari fat da fulawa, ta ratsa tsakanin maza. Ta kama rigar Baffa ta ɗage ta sama, tabon ɗinkin ya bayyana tun daga ƙirji har cibiya.

"Ga ɓarawon," in ji ta. "Ni na cika kwalbar, ni na tilasta masa."

"Tsohuwa, fita," in ji Baffa yana jan rigarsa.

Ko kallonsa ba ta yi ba. Ta ɗauki kofi na biyu. Ban taɓa ganin ta kai giya baki ba, ko ranar sabuwar shekara. Ta rufe ido ta juye shi, ta sarƙe, ta yi ta tari har hawaye, fulawa ta ɓata mata fuska. Ta kife kofin, ta miƙa hannu ga na uku. Kawu Chi ya ɗora tafinsa a kai.

"Wannan shi ne wanda ya kamata a zuba mini ɗazu."

Ya shanye a tsaye, rigarsa tana rataye a hannu. Ya kife. Amma bai zauna ba. Ya daɗe yana kallon Baffa.

"Da ka faɗa mini tun a ƙofa, da na ce ka sha shayi."

"Da ka ce gidan nan babu namiji."

"Da na ce haka," in ji Kawu Chi.

Ban jira an kira ni ba. Na karɓo kifin daga hannun mai dafa abinci yana ƙunƙuni, na kawo, na ajiye a tsakiya, na juya kan ya kalli mutumin da ke tsaye. Babu wanda ya motsa. Ya kalli kifin, ya kalli Yanmei a bakin ƙofa. Ya ja kujera ya zauna a bakin-baki, ya ɗauki tsinkayensa ya ɓanɓaro tsoka daga wuyan kifin ya kai baki.

"Bai nuna ba," ya ce. Ya sake ɓanɓarowa.

Mutanensa suka koma kujerunsu ɗaya bayan ɗaya. Ba a sake ɗaga kofi ba, ba a kuma yi wata dariyar kirki ba. Da suka tashi tafiya bai yi wa Inna sallama ba, amma a bakin mota ya ce wa Yanmei ranar kwana uku ta zo gida da mijinta kamar yadda aka saba, kada su makara, uwarta za ta yi girki. Baffa ya raka su har ƙofa a miƙe, yana ɗaga hannu har motocin suka sha kwana. Sannan ya kama ƙyauren ya duƙa, leɓɓansa sun yi fari.

Jinbo da kayan angwancinsa ya tayar da babur mai ƙafa uku, muka shimfiɗa bargo a baya muka kwantar da Baffa, ni da Goggo muka hau. Giyar ta riga ta hau mata ka. Tun daga ƙofar gida har bakin titi tana zaginsa, ta zagi direbobi, ta zagi duk wanda ya fara shuka dawa. Shi kuma yana riƙe da ciki yana cewa wa ya ce ta ɗaura ja, duk launin da ke duniya, a gidan biki. Ta ce shi ya ce ja. Ya ce ai da ta yi masa gardama kamar yadda ta saba.

Mun wuce gonakin tafarnuwa sai ya yunƙura zai tashi. Wai abokan ango suna can a teburin tsakar gida ba mai zuba musu, Jinbo ya juya, ko kwalba ɗaya ce a buɗe musu sannan a tafi. Jinbo bai waiwayo ba. Goggo ta hau kan ƙafafunsa ta zauna, haka muka kai shi asibiti.

Ɗinkin ya ɗan yi jini, suka riƙe shi har bayan ranar da Yanmei ta je gidansu ta dawo. Labarin ruwan kuwa ya riga shi fitowa. Wasu sun ce ya kyauta, wasu sun ce ashe shi ma ɓarawon ne. Bikin da aka yi bayan namu, a gidan masu niƙa, ɗan in'inar nan aka ba kwalba, Baffa kuma aka aiko masa da takardar gayyata irin ta kowa. Goggo ta ce ya je ya ci abinci kamar mutane. Ya ce yana da injin da zai duba.